Mai Faci da Ramin Bayan Gidansa

Idan tayarka ta taɓa sacewa a mashigar sabuwar unguwa, to ka san Mai Faci. Shi ne ɗan siririn nan mai hula kamar an zauna a kanta, wanda ke tsoma tiyub a baho yana kallon kumfa kamar likita na duba jinjiri. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a. Da ita ya yi aure, da ita ya sayi fili tun wurin ba komai sai gonaki, da ita ya gina ɗaki uku, yau bulo goma, wani satin bakwai, har magininsa ya daina amsa masa gaisuwa. Ɗakin baya shi ya fi kowanne kyau, shi kaɗai ya samu filasta da silin. A ciki ya sa mahaifiyarsa, Inna, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Sai gari ya biyo shi. Gidaje suka hau tudun da ke sama da layinsu kamar ana korar su. Kowa ya gina sai ya malale tsakar gida da siminti, ya sako bututu waje, ruwa ya san inda zai nufa. Ruwan kuwa ya sani. Bayan gidan Mai Faci yake bi. 'Yar hanyar ruwan da awaki ke tsallakewa ta zama ramin da zai haɗiye mota, kuma kowace damina sai ya matso. Kullum da safe Mai Faci kan auna tsakanin bakin ramin da bangon Inna. Da can taku goma sha huɗu ne. Bayan daminar bara ya koma uku, takun ma na mutum marar tsawo.

Kada a ce ƙaramar hukuma ba ta aiki. Ta gina ƙatuwar ƙofar shiga unguwa, an rubuta barka da zuwa da jan fenti. Ta yi shataletale a inda hanya biyu kacal suka haɗu, har da famfon ado da bai taɓa ɗiga ba. Kwalbati da magudanar ruwa ne dai ba a kai kansu ba. Sau huɗu Mai Faci yana kai takardar koke ofis. A na biyar akawun ya ji tausayinsa.

"Malam, zauna. Ka gaji da zuwa, ni ma na gaji da ganinka. Gidaje nawa ne a unguwarku?"

"Ranka ya daɗe, sun fi dubu biyu."

Akawu ya jawo wani littafi, ya lashi yatsa ya buɗe. "Masu rajistar zaɓe kuma ɗari da goma sha ɗaya."

"Ina sauran mutanen?"

"Kai zan tambaya. Ina katinka?"

Mai Faci ya zaro shi daga cikin leda, ya miƙa da hannu biyu. Akawu ya duba, ya juyo masa da shi. Mazaɓar tsohon gari ce a jiki, inda aka haife shi, inda ya baro shekara goma sha shida.

"Ka gani? A nan kake kwana, a can kake zaɓe. Kansilan da ka zaɓa ya yi kwalbati, mai kyau ma, a ƙofar gidan kakanka."

"To a canza mini yanzu, don Allah."

"Ba aikin ofishinmu ba ne. Can ɗin ma an rufe canjin kati tun watan jiya."

Saura sati uku zaɓen kansiloli, kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas. Mai Faci ya ɗaure kwampresar hura taya da sarƙa, ya bar wurin sana'a, ya shiga gida-gida yana farautar mutum ɗari da goma sha ɗayan nan. Ashe yawancinsu tsofaffin manoman wurin ne, sun sayar da gonaki sun ƙara gaba, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Sha tara ya samu. A cikinsu har da kurma, wanda sai da aka yi masa bayani sau uku ya ce ai shi tayarsa lafiya lau.

Duk da haka ya je ya tsare ɗan takarar da ake ganin zai ci, wani mai kemis da ake ce wa Mai Gilashi, sai da ya yarda zai zo ya ga ramin. Ranar, Mai Faci ya aro bencina, ya tara maza kusan sittin a bakin ramin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu: "Wanda katinsa ba na nan ba ne ya yi tafi kawai, kar ya yi magana."

Mai Gilashi ya leƙa ramin, ya ja da baya, ya yi salati. Da gaske abin ya taɓa shi. Aka tafa. Sai jami'in kamfen ɗinsa, wani mai jaka a hammata, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, a ɗaga kati mu gani."

Hannu goma sha ɗaya suka tashi, domin takwas ba su zo ba. Mai jaka ya nuna mai askin layin, wanda ya fi kowa tafi.

"Kai fa?"

"Ni ƙanen matata ke takara a tsohon gari. In na canza kati, a gidan wa zan kwana?"

Aka yi dariya, ban da Mai Faci. Mai Gilashi ya ja shi gefe.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Kwalbati biyu za a yi bana a mazaɓar nan. Ɗaya bakin kasuwa, ɗaya bayan tasha. Su suka fi ku ƙuri'a, kuma su ma ruwa na cin su. Ku canza kati, zaɓe mai zuwa a yi magana."

"Shekara uku ke nan! Ranka ya daɗe, dubi bangon. Uwata ce kwance a ciki."

Ya riƙe masa hannun riga, ya durƙusa a gaban yaron da a haife ya haife shi. Mutane suka kau da kai. Mai Gilashi ya ɗago shi, ya rage murya.

"Ka fitar da ita daga ɗakin, Baba. Yau, ba gobe ba."

Bai fitar da ita ba. Buhunan siminti ya tsinto, shi da matarsa suka yi ta cika su da yashi suna jerawa a gindin bango har tafin hannunsu ya sale.

Ranar zaɓe unguwa ta watse tun da hantsi. Motoci cike, babura ɗauke da mutum uku-uku, kowa ya tafi tsohon gari zaɓar wa danginsa kansila. Mai Faci bai je ba. Ana azahar ruwan farko ya sauko. Bai kai awa guda ba, amma duk bututun da ke kan tudu sai da ya yi amai. Yana tsaye cikin ruwan yana kallo buhunan suka tafi ɗaya bayan ɗaya, sannan ƙasa ta zabtare ta bi su. Da ya shiga ɗakin Inna, ya tarar bango ya tsage daga taga har ƙasa, ana hango waje.

"Inna, zan mayar da ke ɗakin gaba."

"Ba inda za ni. Nan ka ajiye ni, nan za a zo a ɗauke ni."

"Ki yi mini aikin gafara, Inna."

Ya sunkuce ta tana dukan kafaɗarsa, ba nauyi ko kaɗan, ya kwantar da ita a gadonsu. Ruwa na tsagaitawa ya ɗauko ƙarfen cire taya ya hau rufi. Idan ɗakin zai tafi, to ba da kwanon ba, ba da katakon ba. Ya fara zare ƙusoshin da shi ya tsaya aka buga su.

Da la'asar masu zaɓe suka fara dawowa da tawada a yatsa. Mai aski ya tsaya a ƙasa, ya ɗaga kai.

"Mai Faci, lafiya? Me kake yi a sama?"

"Kama nan," ya ce, ya zuro masa fallen kwano. Mai aski ya kama. Bai ƙara tambaya ba, ya kira wasu mutum biyu.

A ɗakin gaba Inna ta kasa kunne. Ta tambayi surukarta ƙarar mene ne wannan.

"Gyara yake yi, Inna."

"Ke, ni za ki yi wa wayo? Gyara ba ya irin wannan ƙara." Ta juya fuskarta bango. "Ki ce masa ya fara cire ƙofar. Katakonta mai kyau ne."