Ruwan Ledar Kawu Sale

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Malaminmu na kodin, wato tsara manhajar kwamfuta, ya ce kowa ya haɗa wa ɗan kasuwa shafin intanet. Na zaɓi shagon takin zamani na Kawu Sale a Gwarzo. Ran da nake gwada kalar rubutu na rasa abin bugawa, kawai na rubuta: "Kawu marowaci ne, ko ruwan leda bai taɓa saya min ba." Na ce zan goge daga baya.

Wallahi na manta!

Ɗazu na kai masa kwamfuta shago. Ya kira abokansa, "Ku zo ku ga aikin ɗana!" Hotunan buhuna suka fito, ana ta Masha Allah. Maƙwabcinsa Malam Idi ya ce, "Yi ƙasa mu gani." Na yi ƙasa. Ga shi ɓaro-ɓaro da jan rubutu! Malam Idi ya karanto da ƙarfi.



 Kawu ya tashi, ya tsallaka titi, ya sayo ruwan leda mai sanyi, ya miƙo min.

"Sha, Nura. Sai ka gyara rubutun."

Haka na shanye a gabansu, kaina a ƙasa.