Rusunawa a Kan Taya Ɗaya

A gidanmu na Wurno ba a gaida babba a tsaye. Tun ban iya ɗaura zariyar wando ba Baba yake ɗora tafinsa a ƙeyata ya danna ni ƙasa duk lokacin da wani dattijo ya shigo zaure, har bayana ya koyi lanƙwashewa da kansa. In kana kan keke, tun daga nesa za ka sauka ka turo shi da hannu. In kana ɗauke da kaya, ka rusuna da kayanka. Ni dai abin ya shiga jikina har ya zama ko a waya nake magana da babba, sai matata ta gan ni a duƙe tsakar gida ina ta "ranka shi daɗe", ta yi ta dariya.

Baba malami ne, kuma ba mai alfahari ba ne, amma abu biyu na san yana ji da su. Na farko, 'ya'yansa sun iya gaisuwa. Na biyu, duk tsufansa ƙafafunsa ke kai shi masallaci sau biyar a rana, ba wanda ke riƙe masa hannu. Ni na raba shi da na biyun, na kuma ɓata masa na farkon, kuma da ladabi na yi. Wanga abu shi ne ya hana ni sakat har yau.

Aikina raba ruwa ne. Ruwan da ke fitowa daga dam ɗin Goronyo yana bin kanal ya gangaro fadama, ni kuma ina bin bakin kanal ɗin ina buɗe ƙofa nan, ina rufe ƙofa can, don mai albasa ya samu, mai shinkafa ya samu, kada su fasa wa juna kai. Da babur nake yi, har mai ya yi tsadar da babur ɗin ya koma shi ke hawana. Na sayar da shi cikin fushi, na kwana biyu ina buga sayyada.

A lokacin ne ƙanen matata, wanda ke sayo kayan lantarki yana sayarwa a Sakkwato, ya kawo mini katakon. Katako ne dogo kamar murfin akwati, da ƙananan tayu huɗu da batir a cikinsa, sai ɗan rimot da kake riƙewa a hannu. Ka tsaya a kai, ka matsa rimot, ya tafi da kai. Ya ce ya daɗe a shago ba wanda ya ko taya, in na iya in riƙe. Mutanen gari kuwa sunka sami abin yi. Sunka laƙaba mini wani suna da ba zan rubuta shi nan ba, don har yanzu akwai masu neman a tuna musu.

Amma katakon nan yana da kirki guda ɗaya. In na hango manya, sai in saki rimot, in sa ƙafa ƙasa, in sungume shi a hammata in durƙusa. Ko a kansa nake, in na sunkuya ba ruwansa, tafiyarsa yake yi yadda yatsana ya ce. Ranar da Baba ya fara ganinsa ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa, ya tambaye ni mi yake ci. Na nuna masa farantin sola a kan rufi, na ce rana yake ci. Ya gyaɗa kai ya ce to, wanga ba shi kwana da yunwa a ƙasar nan.

Matsalarsa ita ce ɗan gata ne, kwalta kawai ya sani. Tsakuwa kamar ƙwayar gyaɗa ta isa ta tsayar da shi cak ta wurga ka gaba. Bakin kanal kuwa jar ƙasa ce, duk amalanken shanu sun yi mata rami. Wallahi ɗaukar da na yi wa katakon nan ta fi wadda ya yi mini. Wata rana na makara wajen rufe wata ƙofa, ruwa ya kwanta a kan irin albasar wani bawan Allah, ya tsaya a gabana ya wanke ni tas, tun daga kaina har katakon da ke hammatata. Da gaskiyarsa kuwa.

Daga nan na fara kallon bidiyon masu taya ɗaya a waya. Ga mutum tsaye ƙyam, taya guda tsakanin ƙafafunsa, yana keta rairayi da tsakuwa, yana wuce motoci. Kai, abin ya shiga raina. Na hana ƙanen matata shan ruwa da kira, har sai da ya sa anka sako mini irin tayar cikin kayansa. Katakon kuma na mayar masa da abinsa, ko waiwayensa ban yi ba.

Taya ce kamar ta babur, an rufe ta da baƙar roba, da wurin ɗora ƙafa hagu da dama, nauyinta ya kusa na buhun gero. Ba ta da kan tuƙi, ba birki, ba rimot. Jikinka ne komai nata. In ka karkata gaba ta tafi, in ka ƙara karkatawa ta ƙara wuta, in ka ja baya ta tsaya. A filin ƙwallo na koya, kuma ta ci ƙwaurina ƙwarai kafin mu saba. Matata tana shafa mini man zafi tana cewa mutum da furfura a gemu ya rasa abin so sai abin da ko jaki zai ji kunyar hawa. Na ce ta bari ta gani.

Ta kuwa gani. Ba zan yi ƙarya ba don abin da ya faru daga baya: na ji daɗin tayar nan kamar mi. Ramin amalanke ba ya tsayar da ita, rairayi ba ya tsayar da ita. In tashi daga Goronyo in zo Wurno shayin da anka haɗa mini bai huce ba. Ranar da ba aiki in miƙa har Rabah ba don komai ba, sai don in wuce 'yan acaɓa in ga sun saki baki. Na sayi hular kwano mai rufe fuska duka. Ƙofofin ruwa sunka koma buɗuwa a kan lokaci, masu zagina sunka koma ɗaga mini hannu. Kaina ya yi girma, na sani, Allah ma ya sani.

Wata la'asar Baba ya sa na kawo tayar zaure. Ya ce in sake ta ya gani. Na sake ta, ta kife a ƙasa tim.

"Abar ga ba ta tsayuwa ita kaɗai?" ya ce.

Na ce sai da mutum a kai.

"To in ka ishe manya bisa hanya, ƙaƙa ka ka yi?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, yadda ake ja da baya a banƙare ƙirji ta tsaya, yadda ake sunkuyawa ta ruga. Ya kalle ta, sannan ya ce ashe ita wagga sai an banƙare mata take jin magana, ba a gidan kirki anka rene ta ba. Ya yi dariya, ni ma na yi. Na yi masa alkawarin tun daga bakin layinmu zan riƙa sauka in turo ta da hannu, kuma na cika. Wata da watanni ban taɓa wuce ƙofar masallaci ko majalisar dattawa a kanta ba. Na ɗauka na gama da wannan matsala, tunda na san duk inda manya ke zama.

Ranar da abin ya faru lokacin cirar albasa ne, da hantsi. Baba ya yi shekaru bai taka fadama ba. Ashe an yi rasuwa a wata 'yar ruga da ke bakin kanal, shi da wani amininsa, tsoho kamarsa, sunka ce ba sai an nemo musu abin hawa ba, za su taka a hankali su yi ta'aziyya. Ni ban sani ba. Ina tahowa daga Goronyo da gudu, don akwai ƙofar da masu shinkafa ke jira tun safe.

Akwai wata kwana inda ciyawa ta yi tsawo ta rufe gaba. Ina shan kwanar sai ga Baba a tsakiyar hanya, da farar rigarsa da sandarsa, bai fi taku talatin ba. Akwai wurin tsayawa. Na sha auna wurin da ƙafata daga baya, akwai wuri har da saura. Kaina ya san abin yi sarai: ja baya, banƙare. Amma kafin kai ya gama magana, bayan nan nawa da anka danna tun ina yaro ya riga ya yi abin da ya iya. Na ga ubana, na rusuna. Har hannuna na dama na kai gwiwa.

Tayar ta yi wani ƙara ta zabura da ni kansa.

Na karkace iya ƙarfina, jikina bai taɓa shi ba. Ƙarfen da nake ɗora ƙafa ne ya kwashi sandar da gefen rigarsa, ya juya, ya faɗi da ƙugu a kan simintin bakin kanal. Na ji ƙarar ƙashin ta cikin hular kwano. Ni kuwa na wuntsila cikin taɓon shinkafa, na tashi ba abin da ya same ni sai ƙujewa a gwiwar hannu. Tir da wanga jiki nawa, ko targaɗe bai yi ba.

Aminin Baba bai gane ni ba. Yana ta tsine wa ɗan da ba a haifa da albarka ba, har ya rarumi dutse. Na cire hular, sai dutsen ya faɗi daga hannunsa. Baba yana kwance, fuskarsa ta yi fari, rawaninsa ya warware cikin ruwa. Ya dube ni ya ce, "Ka ji ciwo?"

A amalanken wani mai albasa munka ɗauko shi. Munka fara kai shi wurin wani maɗori a Rabah, ya taɓa ya girgiza kai, ya ce wannan ba karayar hannu ko ƙafa ba ce da zai ɗaure da kara. Munka wuce asibiti a Sakkwato. Sun yi iya yinsu, ban da abin cewa a kansu. Likitan ya ja ni gefe ya ce ƙashin tsoho ba kamar na yaro ba ne, mu yi ta addu'a, amma kada mu sa rai da tafiya.

Gari kuwa ya ɗauka. Ɗan malam ya sami abin Nasara ya banke ubansa. Wasu sunka ce dama tun ina kan katako sun ga take-takena. Aminin Baba, Allah ya saka masa, ya yi ta gaya wa mutane cewa da idonsa ya ga na duƙa, gaisuwa ce zan yi. Masu ƙin yarda sun fi mini sauƙi. Waɗanda sunka yarda sai ka ga suna danne dariya, su kau da kai, don abin in ba kai ya samu ba abin dariya ne. Shi kuwa Baba, duk wanda ya zo dubiya ya fara jan zancen, kalma huɗu yake ba shi: "Gaishe ni yay yi." Da ya zage ni, da ya ɗaga sandar nan ya raba mini kai, da na sami inda zan ajiye abin da ke ƙirjina. Bai ba ni ko wannan ba.

Tayar tana ɗakin ajiya, na rufe ta da tsofaffin buhuna. Ƙanen matata ya ce in kawo ya sayar mini da ita, na ce to, ban kai ba, kuma ban san dalili ba. Na koma bin kanal da tsohon keke, ƙofofi sun koma makara, masu albasa sun koma zagi, ina ma jin daɗin zagin. Wani lokaci in tsaya a kwanar nan in yi ta tunanin katakon da na raina. Da a kansa nake, da na rusuna har goshina ya taɓa gwiwa ba abin da zai faru. To da mi? Tunanin bai taɓa ɗaga Baba daga katifa ba.

In an kira salla ina ganin ƙafafunsa na motsi ƙarƙashin mayafi, suna neman takalmi. Sai ya tuna, ya ce a miƙo masa buta da tasa. Wurinsa a sahun gaba, dama da liman, wani ya gaje shi. Ni sahun baya nake tsayawa kusa da ƙofa, ana sallamewa in fice.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Kullum da safe nakan je ɗakinsa, in tuɓe takalmi, in yi sallama, in fara duƙawa. Da zarar bayana ya lanƙwasa, sai hannunsa ya tashi da sauri ya kare fuskarsa. Sannan ya mayar da shi kan hula, kamar gyara ta yake yi. Ranar farko na ce dacewa ce. Ran nan na lura, kashegari ma haka, kuma na gane bai ma san yana yi ba. Jikinsa ne ya koyi nasa karatun, kamar yadda nawa ya koya.

Sai wata safiya na ce bari in hutar da shi. Na shiga, na tsaya ƙyam a bakin ƙofa, na ce, "Baba, an kwana lahiya?"

Ya dube ni tun daga ƙafa har kai, irin kallon da yake yi mana muna yara, idonsa ya kawo ruwa.

"Yau tsaye ka ka gaishe ni?" ya ce. "Don na kwanta?"

Na duƙa. Hannunsa ya tashi ya kare fuska.