Ranar Da Aka Fasa Bas Ɗin Mijina

Mijina makaɗin dabul bas ne, ƙaton gogen Turawan nan da ya fi mutum tsayi, wanda ake kaɗawa a tsaye. Da shi ya ciyar da mu. Lahadi yana bayan mawaƙan kwaya a coci, Asabar yana gidan biki da 'yan kiɗan hailaif, tsakiyar mako kuma otal ko situdiyo, duk wanda ya kira. Ba ya zaɓen kiɗa. A gidanmu na unguwar Television bas ɗin na da kusurwarsa a falo, yara ba sa wasa kusa da shi.

Wata shekara da gari ya rikice, muna dawowa daga ɗaurin aure ta hanyar Abuja da rana tsaka. A-kori-kura muka hau, ni da shi a gaba tare da direba, bas ɗin a baya cikin baƙar jakarsa. A Gonin Gora muka tarar samari sun tare hanya da tayoyi suna ci da wuta, hannunsu adduna da gorori. Wata mota na hayaƙi a gefe, ban bari idona ya tsaya a kanta ba.

"Me kuka ɗauko a baya?" wani ya tambaya, ya maka gora a kan bonet.

"Kayan kiɗa ne, ɗana," in ji mijina.

"Ƙarya ne! Bindigogi ne!"

Suka jawo jakar ƙasa. Ƙarar katakon a kan kwalta har cikin haƙorana na ji ta. Mijina ya dira, ya zuge zif ɗin da kansa don su gani. Sun gani. Amma wani mai jajayen idanu ya ce a ciki aka ɓoye su, ya ɗaga adda ya sari cikin bas ɗin. Tsirkiya ta tsinke ta tsaga wa mai addar kunci, ganin jininsa kuwa ya ƙara haukata shi. Mijina ya faɗa kan bas ɗin ya rungume wuyansa. Gora ta sauka a hannunsa na hagu, ta sake sauka.

Ihu nake: "Ku bar shi! Baban yara, saki bas ɗin!" Wani ya kwaɗa mini mari na faɗi. Wata dattijuwa mai sayar da doya a bakin hanya ce ta ratsa su, ta cire ɗankwali, ta tsaya a kansa.

"Sai dai ku fara da ni," ta ce.

Ashe ɗanta na cikinsu. Suka ja da baya, suka kwashe ɓaraguzan katakon suka watsa a wuta.

Yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Ya yi watanni ko rediyo ba ya son ji. Daga baya wani fasto a Unguwar Boro ya roƙe shi ya riƙa koya wa matasan cocinsu gitar bas. Ya je. Da baki yake nuna musu, yana buga ƙafa, in sun yi kuskure ya daka tsawa. Sukan zo gida ran Kirsimeti da kaza, ya zaunar da su yana ta faɗa a kan yadda suke riƙe gita.