Ranar da Sallau Ba-Shiga Ya Kulle Kansa a Waje

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon kwamfutar Sallau a Isa ya san ba ya amsa sallama kyauta. Sai ya ɗaga tabarau ya jero maka tambayoyinsa: kai wane ne, ina za ka, ta wace ƙofa? Ni da muka yi wasan ƙasa tare, kuma nake ɗaukarsa a kabu-kabuna kullum, ban tsira ba.

A wurin aikinsa ya kwaso wannan ciwo. Ya ce can cikin zuciyar kwamfuta akwai mai gadi, duk manhajar da ke son fita intanet ko karɓar baƙo daga waje sai ta tsaya gabansa ya duba izininta. Shi Sallau aikinsa rubuta wa mai gadin dokoki, kuma dokarsa ta farko ita ce abin da ba a ce an yarda ba, an hana. Daga nan muka laƙaba masa Ba-Shiga, ya karɓi sunan kamar an naɗa masa rawani.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsayin gwiwa, rijiyoyin ƙauyenmu na bayan Gatawa suka ƙafe. Abin da ya rage mana burtsatse guda mai sola. Sallau ya ɗaura wa famfon wata 'yar kwamfuta mai layin waya, yana kunnawa yana kashewa daga shagonsa, don kada injin ya ƙone. Shugaban kwamitin ruwa, Alhaji Ibra, ya ji labarin akwai intanet a ɗakin famfo, ya zo da wayarsa a saka masa ya kalli kokawa.

"Alhaji, famfo anka ba izini, ba kai ba."

"Ni na shugaba hwa, Sallau."

"To in ka iya tura ruwa cikin tanki, za ni rubuta ka."

Wata guda Alhaji bai yi masa magana ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata ranar kasuwa Sallau ya ce ya ga wasu baƙi na ƙwanƙwasa wa kwamfutar famfo ƙofa. Ya zauna ya ƙara tsaurara doka, ya danna. Ina zaune ina cin gyaɗa na ga ya fara murmushi.

"Mani, tada mashin."

"Mi ya faru?"

"Na hana kowa shiga. Na mance ni ma kowa na."

Famfon a kashe yake, yana jiran umarnin mutumin da mai gadi ya daina sani. Wallahi raina ya ɓaci. Muna tafe cikin rana da yashi ina masa faɗa, shi yana bayana yana yabon aikinsa.

"Ka ga gaskiya? Ko ni bai ɗaga ma ƙahwa ba!"

Dariyar ta ƙare da muka iso. Jarkoki sun yi layi har bakin hanya, shanu sun kewaye kwami busasshe suna lasar siminti. Inna Tumba, ƙanwar mahaifiyarsa, tana zaune a kan jarkarta tun hantsi. Ba ta zage shi ba.

"Sallau, ba a ɗora tukunya ba gidana yau," ta ce.

Ban taɓa ganin kunya ta kama shi haka ba. Ya shiga ɗakin famfo ya gyara, ya fito ya ɗauki jarkar Inna a ka har gida, da tabarau da komai, ruwa na zuba masa a wuya. A hanyar dawowa ya ce ya ƙara doka guda: in famfo ya daina jin muryarsa, ya ba da ruwa safe da yamma, kada ya jira kowa.

"Ba-Shiga ya buɗe ƙohwa?" na tsokane shi.

"Guda. Kak ka gaya ma Alhaji."

Zazzaɓi ya ɗauke shi da bazarar da ta biyo. Bayan nan aka yanke sabis a yankinmu saboda matsalar tsaro, wata da watanni ba waya. Na je ƙauye ina zaton famfo ya tsaya, na tarar da mata a layi, famfo na zuba abinsa. Na kashe mashin na zauna na yi kuka.

Allah Ka jiƙan Sallau, Ka yafe masa taurin kai. Yadda bai bar mu da ƙishi ba, Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara.