Allon da Munkaila Ya Sassaƙa

Munkaila mutumin Yawuri ne, ɗan masassaƙin kwale-kwale. A Guangzhou na san shi, shekarar 1998, lokacin muna masauki ɗaya a titin Huanshi Lu. Ni ina sarin tufafi a kasuwar Baima, shi yana yi wa wani Alhaji Wahab aiki. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa duk kanta. Ba ya da yawan magana, amma in ransa ya ɓaci har hawa na uku ana jin muryarsa.

Kafin ya zo China ya yi shekara tara a Legas yana tuƙa jirgin fito. Yawanci Turawa yake kaiwa wani bakin teku inda suke wasan hawan igiyar ruwa. Mutum zai kwanta a kan allo ya yi ta tuƙi da hannu, in igiya ta taso ya miƙe tsaye, ta kwaso shi zuwa gaɓa. In allon wani ya fashe, Munkaila ke gyarawa. Da haka ya koyi hawa, ya san halin kowane irin allo.

Alhaji Wahab ɗan zangon Accra ne, mai tura kaya Ghana. Aikin Munkaila a wajensa shi ne bin masana'antu, ya duba kaya kafin a loda. Wata rana odar alluna arba'in ta zo daga wani mai otal a gaɓar tekun Ghana, yana so ya riƙa ba baƙinsa haya. A wasiƙar ya rubuta cewa ruwan wajensu a lungu yake, igiyarsa da ƙyar take wuce gwiwa.

Alhaji ya samo wata mujalla, ya ɗora yatsa kan hoton wani allo gajere siriri, bakinsa da tsini kamar mashi. Ina ofishinsa a lokacin, na je karɓar takardun kayana.

"Wannan za a yi," in ji shi.

Munkaila ya leƙa hoton, ya ce, "Alhaji, wannan na babban ruwa ne. Ƙaramar igiya ba ta da ƙarfin tura shi. Ita allo take so dogo, mai faɗi, mai kauri, cikinsa shimfiɗe, bakinsa zagaye. Baƙin otal ma yawancinsu ba su taɓa hawa ba. Nutsewa kawai za su yi ta yi."

Alhaji ya yi dariya. "Munkaila, ba kwale-kwale aka ce mu tura ba. Kai ka fi Turawan da suka buga mujallar sani?"

Na ga jijiyar wuyan Munkaila ta miƙe.

Suka sami wani ƙaramin wurin aiki a bayan gari, inda ake yin bahon wanka da ƙananan jirage na faiba, wato wata irin roba mai tauri. Mai wurin kowa Laoban yake ce masa, wato maigida. Munkaila ya zana masa allo mai faɗin a takarda. Laoban ya kaɗa hannu ya ce, "Meiyou." Babu ke nan. Munkaila ya ce to a ba shi soso mai tauri da zarto da samfefa, shi zai yi. Kwana shida yana sassaƙa a wani lungu, ƙurar soso ta mai da shi fari fat, ma'aikata suna wucewa suna dariya. Da ya gama suka lulluɓe masa shi da faiba.

Ya matsa wa Alhaji sai an je an gwada. Muka shiga bas da alluna biyu, nasa da samfurin siririn da Alhaji ya zaɓa, tafiyar wajen awa huɗu zuwa teku. Laoban ma ya biyo mu. Ruwan ranar kamar an aiko shi, igiya iya gwiwa, tana zuwa a kasalance.

Munkaila ya fara da siririn. Sau bakwai yana tuƙi, igiya tana wucewa ta ƙarƙashinsa ta bar shi. Sau ɗaya da ya miƙe, allon ya nutse da shi. Ya fito ya ɗauki nasa. Igiyar farko ta ɗauke shi, yana tsaye hannu a ƙugu, har bakin allon ya taɓa yashi a gaban Alhaji. Mutanen da ke wurin suka yi ta tafi. Har ni da ban taɓa shiga teku ba, ya sa na kwanta a kai, ruwa ya kawo ni gaɓa.

"Ka gani, Alhaji?"

"Na gani," in ji Alhaji. "Amma siririn za a tura. Ya fi kyan gani, kuma naka zai cinye mini rabin kwantena."

Ban taɓa ganin fushi irin na ranar ba. Munkaila ya buga allon da ƙasa, ya ce, "To me ya sa ka bari muka zo? Mutumin nan ya rubuto maka gaskiyar ruwansa, kai za ka aika masa abin da ka san ba zai yi ba! In ba ka sani ba, da sauƙi. Yanzu kuwa ka sani!" Duk hanyar dawowa bai zauna kusa da kowa ba. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, ya miƙa wa Alhaji makullin ofis a gaban mutane, ya juya.

Allonsa ya bar shi wajen Laoban don a yi masa fenti. Da ya koma ɗauka bayan wata biyu, na raka shi. Muna shiga ya tsaya cak. Ga alluna jere a jikin bango, sun fi hamsin, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, duk surar nasa, kowanne da tambarin Laoban. Mutumin ya fito yana murmushi, yana miƙo mana shayi, ya ce masu saye suna son su ƙwarai.

"Meiyou!" Munkaila ya daka masa tsawa. "Ba kai ka ce meiyou ba?" Ya ture kofin, ya shiga ya ciro nasa daga bayan tarkace, ko fentin ba a yi ba. Ya ɗora a ka muka fito.

Bayan wata biyar labari ya zo daga Ghana cewa baƙi sun kasa hawan siraran allunan, mai otal ya rataye su a bangon ɗakin cin abinci. Alhaji ya sake yin odar arba'in masu faɗi daga wajen Laoban. Ya aiko ni in roƙi Munkaila ya je ya duba masa su kafin a loda.

Munkaila ya dube ni. Ya ce, "Malam, kai ma ka iya kawo mini wannan saƙo?" Na ji kunya, na ba shi haƙuri.

Bai je ba. Ya koma duba wa wasu 'yan kasuwar Kano kayansu, kuma kowa ya san in Munkaila ya ce kaya ba kyau, ba ya janyewa ko wa zai ji haushi. Ƙarshen 1999 ya koma Legas, na ji ya buɗe rumfar gyaran alluna a bakin teku. Ranar tafiyarsa ma sai da ya yi rigima da direban tasi, wanda ya ce allon nan nasa ba zai hau motarsa ba. Munkaila ya sauke jakarsa, ya tsaya a bakin titi har ya sami wanda ya yarda.