Ƙaramin Yatsan Sarkin Fawa

Har gobe ban manta da Talatar da mahautan Mafara suka yi layi gaban teburina ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in rajistar inshorar lafiya, wato tsarin da mutum ke zuba kaɗan yana lafiya don a duba shi da iyalinsa ranar ciwo. A kasuwar nan kaf, ba mahaucin da ke ciki. Sun ce biya kafin ciwo kiran ciwo ne.

Sai da na kusa cinye takalmina da zirga-zirga kafin Sarkin Fawa ya amince. Ƙa'idarsu kuwa, inda Sarki ya sa ƙafa nan kowa ke sawa. In ya juya, an watse.

Aikin ba wuya: hoto, sannan dangwala babban yatsa a na'ura. Sarki ya dangwala, na'ura ta ƙi. Ya goge kitse a riga ya sake, ta ƙi. Wuƙa ta daɗe da share zanen yatsan.

Ya miƙe ya ce, "Malam, abin da bai san ni ba, ba ya sanin yarana. Mu tafi."

Layi ya fara warwarewa, ni kuwa gumi har cikin safa. Sai ga Ɗan'iya, wani masunci daga Bakura da kwandon kifinsa. Masunta da mahauta abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ko ina wuni bai ce ba, ya ɗora yatsa, na'ura ta karɓa.

Ya dubi Sarkin Fawa ya ce, "Barunje, ashe injin ma ya san mai tsabta! Koma gida, in ka kwanta ciwo na kawo maka romon kifi."

Sarki ya dawo ya zauna daram. "Ni mai ƙarnin kifi zai riga? Malam, yatsa nawa Allah Ya ba ni?"

"Goma, ranka ya daɗe."

"To bi su ɗai-ɗai."

Muka bi su. Da muka kai ƙaramin yatsan hagu, wanda bai taɓa aikin kirki ba a rayuwarsa, na'ura ta yi tsit, sannan ta haska kore. Kasuwa ta ɗauki sowa. Ƙarti majiya ƙarfi suka dawo layi, kowa da ƙaramin yatsa a sama. Har la'asar ban ɗaga kai ba, kuma kowa ya kawo sunan matarsa da 'ya'yansa.

Ku da kuke sababbi a wannan aiki na rajista, ku koyi bayanin tsarin da kyau. Amma kafin ku shiga kasuwa, ku bincika wane ne abokin wasan wane.