Akuyata a Komisariya

Akuyar nan ba wata ta a zo a gani ba ce. Ja ce, kunnenta ɗaya a tsage, ga cin sabulu. Amma ita kaɗai ta rage mini cikin dabbobin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Don haka ranar da na fito tsakar gidanmu a Birni na tarar da turke babu ita, zaman daɓaro na yi a ƙasa ina kuka wiwi.

Kafin azahar gida ya cika da 'yan jaje. Wata ta ce katangata ta yi gajarta, wata ta ce barcina nauyi, ƙanwar maigidana kuwa cewa ta yi da ma ta lura ina ɗaurin igiya kamar mai ɗaura ɗankwali. Ɓarawo dai ba wadda ta zage shi. Suka shanye mini fura suka watse.

A hanyar Gafati aka kama ɓarawon, wani dogon mutum mai fara'a, yana janye da ita. Na ruga komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da igiyata a hannu, bakina har kunne. Shef ɗin wurin ya ce, "Madam, wannan akuya yanzu shaida ce. Ba ta fita sai an gama bincike."

"To wa zai ba ta abinci?"

"Mai ita mana."

Haka na shiga safarar dusa da harawa safe da yamma. Ana nan sai wani polis ya ce mini ɓarawon ma ba mai kawo masa komai, kuma ai ni na jawo aka tsare shi. Ni da aka cuta, ni ce da tuƙa tuwo! Haushi ya sa na cika wa miyar barkono, mutumin ya aiko a faɗa mini ta yi daɗi.

Sai ga dattawan unguwa sun yi mini sallama, sun ce in dubi Allah in yafe, mai iyali ne. Suka yi ta sintiri har na gaji na ce na yafe. A ranar aka sake shi. Akuya kuwa, wai mai ba da izinin sakinta ya tafi konje, wato hutu. Ɓarawo ya riga ta komawa gida.

Wata safiya ina tafe da damin harawa a ka, rairayi na cin ƙafata, sai ga shi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya karɓi kayan, muka jera. Na ce masa akuyar uwata ce, kullum ramewa take, ina tsoron ta mutu a hannun hukuma. Sai ya rage murya.

"Inna, katangarsu ba ta kai taki tsawo ba."

Na harare shi, na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce to.

Washegari na fito alwala na ganta a turke tana cin sabuluna, an yi mata wani ɗauri da sai da na sa wuƙa. Na rungume wuyanta na yi ta kuka. Duk cikin waɗanda suka ji labarin akuyar nan, shi kaɗai ya saurare ni har na kai aya.